Hawan Kilimanjaro don yara masu galahanga

'Yar'uwa, kin tambaya ko wanda bai taɓa hawa dutse ba zai iya shiga ayarin masu hawan dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya don tara wa yara masu galahanga kuɗi. Zai iya, tafiyar ƙafa ce. Sai dai tsayinsa mita 5,895 ne, ƙarancin iska ke kayar da majiya ƙarfi. Ki bi hanyar Lemosho ta kwana 8, jiki ya saba. Ranar da za a kai ƙololuwa da tsakar dare ake tashi, fitila a goshi, ruwan gora har daskarewa yake.

Ki tambayi masu shiryawa: nawa ke tafiya a kuɗin jirgi da 'yan dako, nawa ke isa ga gashin ƙashi da kekunan yaran? Ni dai na fi son mai hawa ya biya kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa.