'Yata likita ce, ta shiga yajin aiki, yanzu kuma wai za ta ajiye aikin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, 'yata ba ta daɗe da gama karatun likita ba, tana aiki a wani asibitin gwamnati. Tunda ta fara ba ta san hutu ba, sai ta shiga duti da safe ba za ta fito ba sai washegari da yamma, ga albashi ba ya zuwa kan lokaci, wataran ko safar hannu babu. Kwanaki suka tafi yajin aiki ta bi su, ni dai abin bai kwanta min ba don rayukan mutane ne a hannunsu, yanzu kuma ta ce barin likitancin ma za ta yi. Babanta har ya daina yi mata magana. Don Allah wannan ba cin amana ba ne, ba rantsuwa suka yi ba?

Daga wata uwa mai damuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Bari na fara da rantsuwar tunda ita ce ta tsaya miki a rai. Wadda makarantun likitanci da dama ke amfani da ita a yau ta samo asali ne daga wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta tsara a Geneva a 1948, kuma e, a ciki likita ya ɗauki alƙawarin lafiyar mara lafiya ce gaba da komai. Amma a 2017 sun ƙara wani layi da mutane ba su cika sani ba, cewa likita zai kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da wasu yadda ya kamata. Kin ga kenan gajiyar da take kuka da ita ba ragwanci ba ne, tana cikin rantsuwar.

Kuma wallahi wannan dutin da kika faɗa shi ya fi tayar min da hankali. Wani bincike da aka yi a Ostiraliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, to ina ga wadda ta kwana ta wuni tsaye kuma ita za ta lissafa adadin maganin da za a ba jariri? A New York a 1984 wata budurwa mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a asibiti a hannun ƙananan likitocin da aiki ya yi wa yawa, mahaifinta ɗan jarida ne ya ƙi barin maganar, har a 1989 jihar ta kafa doka kar likita mai neman ƙwarewa ya wuce awa 80 a sati, a 2003 aka ɗora tsarin a kan Amurka baki ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa awa 48 suka yanke. Ba tausayin likitocin kaɗai ya sa ba, tsoron kuskure ne a kan mara lafiya.

Yajin aikin kuma, a nan ba zan wanke su tas ba. Ƙungiyar Likitocin ta Duniya da kanta a 2012 ba ta hana yajin aiki ba, amma ta ce tilas a ci gaba da duba masu buƙatar gaggawa. A wurina nan ne iyakar. A ɗage ranar ganin likita ga wanda zai iya jira, wannan matsin lamba ne ga masu mulki. A kulle ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa mace na zubar da jini, wannan kam ba zan kare shi ba ko nawa ake bin gwamnati, saboda mai hali asibitin kuɗi zai wuce, talaka ne zai mutu a bakin ƙofa. A Ingila a Afrilun 2016 da ƙananan likitoci suka janye har daga sashen gaggawa, manyan likitoci ne suka riƙe wurin, an sanar tun da wuri an yi shiri. A Kenya kuwa an kwashe kwana 100 daga Disambar 2016 zuwa Maris 2017, asibitocin gwamnati kusan a tsaye, jama'a sun ji jiki. Don haka ki tambaye ta cikin natsuwa, lokacin yajin nasu wa aka bari a ɗakin gaggawa? Amsarta za ta fi tawa gaya miki gaskiya.

Batun ajiye aiki kuma ba a kanta farau ba. A Koriya ta Kudu a Fabrairun 2024 ƙananan likitoci sama da 10,000 suka miƙa takardar ajiye aiki kan shirin gwamnati na ƙara gurbin ɗaliban likitanci 2,000 a shekara, aka yi ta ɗage tiyata. Wancan dai ajiyewa ce ta taron dangi don a tilasta wa gwamnati, ta 'yarki daban ce. Mutum ɗaya ya ce na gaji, ya ba da sanarwa kan lokaci, ya miƙa marasa lafiyarsa ga wani likitan da cikakken bayani, bai ci amanar kowa ba.

Abin da zan roƙa kawai kar ta yanke shawara a ranar da ta fito daga duti. Ta ɗauki hutu ko da ba albashi, ta yi barci, in tana yawan kuka ko ba ta iya cin abinci ta ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Sannan akwai fannoni da ba su da kwanan asibiti sosai, kamar lafiyar al'umma, bincike, koyarwa ko aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma ko ta tafi ta riƙa sabunta lasisinta saboda dawowa bayan wa'adin lasisin ya ƙare akwai wahala. Shi kuma Alhaji ki lallaɓa shi ya zauna da ita ta lissafa masa awannin da ta yi a asibiti a satin da ya wuce, ya ji da kunnensa kafin ya ci gaba da fushin.