Kar ka ba sabuwar kashiya akawunt ɗin tsohuwa

Na ga saƙonka tun da azahar, ina Samaru wajen wani aiki shi yasa ban amsa ba. Kace an ɗauki sabuwar kashiya a kamfanin nan na Sabon Gari da muke duba wa kwamfutoci, wadda ta tafi kuma akawunt ɗinta na nan, me zai hana ka canja suna da faswad ka miƙa wa sabuwar tunda aikinsu ɗaya. Toh ɗana kar ka soma.

Kaga kwamfuta ba ruwanta da suna, lamba ta sani. A Active Directory, wato manhajar Microsoft da ke riƙe da akawunt ɗin ma'aikatan kamfani, duk akawunt ɗin da ka buɗe yana samun lambarsa ta daban, ana ce mata SID, kuma izinin shiga fayil a jikin lambar nan yake manne. In ka sauya suna kawai lambar na nan daram, kenan sabuwar ta gaji duk izinin da tsohuwar ta tara a shekarunta, har wanda aka ba ta na kwana biyu lokacin da akanta ya tafi hutu aka manta ba a cire ba, ga imel ɗinta da duk abinda ke ciki.

Ni na ga wannan da idona tun ina yaron wani. Wata ma'aikata ce, mutum uku suna shiga da akawunt ɗaya, faswad ɗin ma a ƴar takarda suka rubuta suka manna ƙarƙashin kibod. Rannan aka wayi gari an goge rasit na kuɗi masu kauri, manaja ya kira mu ransa a ɓace, muka buɗe tarihin shiga, suna ɗaya ne ke fitowa safe da yamma, kowa ya dafa kai yace wallahi ba shi bane, mu kuma ba mu da abin nunawa. Ƙarshe mu aka zaga.

Saboda haka sabo zaka buɗe mata. Amma kafin ka taɓa komai ka karɓi umarni a rubuce daga manaja, ko imel ne, yace wance ce, ga aikinta. Maganar baki a tsaye bakin ƙofa bana aiki da ita.

Wajen sunan shiga ka bi tsarin da ka tarar, harafin farko da sunan uba. Nan Zariya masu suna iri ɗaya ba sa ƙirguwa, in ya yi karo ka ƙara harafin tsakiya ko lamba. Kar ka sa ƙ ko ɗ ko wannan ƴar alamar da ke cikin suna irin Sa'adatu, wasu manhajojin rikicewa suke, cikakken sunan ka rubuta shi daidai a wajen da ake nunawa. Kuma tsohon salon sunan shiga na Active Directory baya wuce harafi 20. Kamfanin nan da Microsoft 365 suke aiki, wato imel da Office na Microsoft, toh sai ka zaɓi Najeriya a wajen ƙasa kafin lasisinta ya zauna. Faswad na wucin gadi zaka ba ta, ka danna akwatin da zai tilasta mata canjawa a shigar farko, ni bana so in san faswad ɗin kowa kaima kar ka so. Authenticator kuma, manhajar waya da ke tabbatar da mai akawunt ne ke shiga, a wayarta za a sa, ba a taka ba.

Izini ta guruf ake bayarwa, wato rukunin masu aiki iri ɗaya. Akwai guruf ɗin kashiyoyi, jefa ta ciki shikenan, ranar da aka mayar da ita sito ka cire ta ka sa a na sito. Izinin admin kuwa, mai iko da komai, ko manaja ya roƙa ka ce sai oga ya zo.

Akawunt ɗin tsohuwar yau ɗin nan ka toshe shi, amma kar ka goge. Microsoft 365 kwana 30 suke ba ka ka dawo da wanda aka goge, Google Workspace kwana 20, in ya wuce ya tafi, ko ka sake buɗe wani da sunan nan lamba sabuwa ce. Bari sai manaja ya faɗi wanda zai karɓi fayilolinta. In ka gama ka turo min hoton guruf ɗin da ka sa sabuwar in duba kafin magariba.