Tambaya da Amsa: Motar lantarki za ta kai ni Abuja daga Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Batirin motata kilowat-awa 60 ne, kamfanin ya ce tana cin kilomita 400 da caji ɗaya. Zan iya zuwa Abuja ba tsayawa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka gwada. Tafiyar ta haura kilomita 400, kuma lissafin kamfani na tuƙi ne a hankali. Idan kana gudun kilomita 120 a awa da na'urar sanyaya mota a kunne, za ta iya shan kilowat-awa 20 a duk kilomita 100, wato kilomita 300 ke nan batiri ya ƙare. Rage gudu zuwa 90, ka tsara caji a Kaduna, ka kuma yi waya ka tabbatar wurin yana aiki kafin ka tashi.

Duba bakin cajarka. Yawancin motocin da aka ƙera don kasuwar Sin nau'in bakin cajarsu GB/T ake ce masa, na Turai kuma CCS2, ba sa shiga juna sai da adafta. Caja mai sauri ta kilowat 50 tana ɗaga batiri daga kashi 20 zuwa 80 cikin kamar minti 45. Bayan 80 cajin yakan ja jiki don kare batiri, haka ma idan ya ɗau zafin rana. Soket ɗin gida kuwa sai ya kwana ya wuni.

Abin da ke kayar da mutane shi ne caji da janareta: in ba a haɗa masa wayar ƙasa (wato "earth") ba, caja da yawa ƙin aiki suke yi.