Jitar ɗan koyo: wuya ake fara dubawa

Ka ce ƙanenka ya tara 'yan kuɗinsa yana son jita mai lantarki, kiɗan rok yake so ya koya, kana tambayata wacce zai saya, Fender ko Gibson. To, ajiye sukudireban nan ka zauna, ɗana, don tambayar taka daga suna ta faro, ni kuwa suna ne abin da nake dubawa a ƙarshe.

Kuɗin da ka faɗa ba za su kai shi ko kusa da Gibson ta gaske ba, kuma ba ya bukatarta. Su kansu kamfanonin sun san da talaka. Fender tana da ƙanwa, Squier, wadda tun 1982 take fitar da siffar Stratocaster da Telecaster a farashi mai sauƙi. Gibson ta sayi Epiphone a 1957, ita ce ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi Les Paul da SG. Ga Yamaha Pacifica, ga Ibanez GIO. Yawancin masu arahar nan a Indonesiya ko Sin ake haɗa su, kuma ba abin kunya ba ne. Amma duk wanda ya miƙo maka sabuwar jita da tambarin Gibson a kanta a kuɗin ɗan akuya, jabu ce, ka yi masa sallama.

Yanzu ga aikin. In an ba ka jita, kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ɗaga ta, ka sa ido daga kai ka bi wuyan har gindi, yadda kafinta ke duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, ana ma son sa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, da alanki ake juya ta, kwatan zagaye a kowane juyi, ba a yi mata garaje. Abin gudu shi ne wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya faɗa. Wannan ba ni da maganinsa, kai ma ba za ka samu ba. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya mai da shi lantarki, in ya mutu, mu sauya. Waya ta tsinke, mu kama da dalma. Kunnuwan ɗaure tsirkiya sun saki, akwai su a kasuwa. Wuya kuwa in ya murɗe, sai dai a sayi wani, kuma a jita mai araha kuɗin nan sun kusa kuɗin wata jitar.

Ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda (firet su ne ƙarafunan nan da aka gitta a kan wuyan), ka leƙa wajen na bakwai ko na takwas. Tazarar kada ta wuce kaurin katin takarda. Sannan ka saki, ka auna a firet na 12: wajen milimita 2 a ɓangaren mai kauri, ƙasa da haka kaɗan a siririyar. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini wata ja da ya saya wa ɗansa a gwanjo, sai sheƙi take. Wuyan ya zama baka, ƙaramin yatsana na shigewa ƙarƙashin tsirkiya, na sa alanki kuma ya yi ta juyawa a banza, an riga an cinye kan notin. Yaron ya yi wata biyu yana fama, yatsu duk sun yi bororo, ya ajiye yana cewa shi ba shi da baiwar. Alhali ko ni da na tsufa a kanta ba zan iya minti goma da wannan jitar ba.

Shafa yatsa a gefen wuyan ma. Kayan nan a ƙasashe masu laima aka yi su, iskar hunturunmu na busar da katako ya tsuke, ƙarafunan firet su leƙo waje suna yankar hannu. Wannan aikin magagari ne, mu yi masa a nan, amma dalili ne na neman ragi. Ka bi firet ɗaya bayan ɗaya ka kaɗa, ka saurari inda sauti ke zizar ƙudan zuma ko yake mutuwa.

Sai fikof, tunda rok ya ce. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, muryarsa garau take, tana da kaifi, amma yana kwasar ƙugin lantarki, balle a wurin biki kusa da janareta. Mai naɗi biyu, hambaka, wanda Gibson ta fara sa wa jitocinta a 1957, naɗin biyun suna kashe ƙugin, murya ta yi kauri, in an buɗe gurnanin amfilifaya ba ta watsewa. Ni da za a bar mini zaɓi, mai hambaka ɗaya a wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zama a kansa a jikin jitar, da masu naɗi ɗaya guda biyu zan ɗaukar masa, irin Pacifica 112, ko Squier mai wannan tsari. Yau rok yake so, gobe ya ji 'yan Agadas ya ce irin nasu zai yi, to ga duka a hannunsa. Af, ka tambaye shi ko bahago ne. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Ta bahago tana da wuyar samu a kasuwarmu, gara a sani tun kafin a fita.

Les Paul wuyanta ya ɗan fi gajarta, wajen milimita 628 ne tsakanin jaki da kai, na Fender kuwa 648, saboda haka tsirkiyarta ta fi laushin dannawa. Sai dai nauyi, takan kai kilo 4 har ta wuce. Yaro mai ƙaramin jiki zai ji a kafaɗa.

Jaki mai lilo irin Floyd Rose kuwa, kada ma ya taɓa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar su kauce, ya wuni yana saiti maimakon koyo. Jaki tsayayye ya fi masa. In wadda aka samu mai hannun lilo ce irin ta Stratocaster, sai mu ɗaure sifirin na baya jakin ya kwanta.

Kuma kada ya zuba kuɗin duka a jita. Ya ware kamar kashi ɗaya cikin uku na amfilifaya da waya da madauri da tsirkiya. Wat 10 zuwa 20 ya ishi ɗaki, a samu mai ramin abin sa wa kunne don kada tsohuwarku ta kore shi daga gida. In amfilifayar ta hannu ce, ka juya bayanta ka karanta. Wadda ta fito daga Amurka bolt 120 take ci, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce, in ba a sa mata taransifoman rage wuta ba, hayaƙi za ka gani. Tsirkiya ya fara da mai lambar kauri 9 zuwa 42, ya riƙa goge ta da tsumma in ya gama, don gumi ne ke sa ta tsatsa. Saiti kuma manhajar waya ta wadatar.

Ranar Asabar ka zo da shi mu shiga Sabon Gari. Ka ɗauko alanki da ƙaramar rular nan ta ƙarfe. Kai za ka duba, ni ina gefe, sai ka gama faɗin abin da ka gani sannan in sa baki.