Amsoshin Tambayoyinku: In Sayi Injin Yanka Saboda Kambun Ganyen Kaka?

Tun da Satumba ta kama, wasiƙun 'yan uwanmu mazauna Amurka da Kanada da Ingila suka karkata wuri guda: zagayayyen kambun ganyen nan da ake ratayawa a ƙofa idan lokacin kakarsu ya shigo, da injin da ake yanka siffar ganyen da shi a takarda ko yadi. Na zaɓi huɗu, har da ɗaya daga Kano, na taƙaita su.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ban daɗe da tarewa a jihar Ohayo ta Amurka ba. Duk ƙofar da na duba a layinmu an rataya mata kambun ganye ja da ruwan ɗorawa, tamu ce kaɗai fayau. Na ga bidiyon masu yi da injin Cricut, abin ya shiga raina, maigida kuma ya ce in zaɓa ya saya. Joy zan ɗauka, ko Explore, ko Maker?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya saka wa maigida da alheri. Amma kafin ya zaro katinsa ki amsa mini wannan: in an gama kambun, me za ki riƙa yankawa? Idan amsarki ita ce sai dai a gani, to ki dakata. Ɗakunan karatu na jama'a da dama a Amurka da Kanada suna da sashen sana'ar hannu, inda ake ajiye irin wannan inji, mai katin laburare ya je ya yi aikinsa. Ki tambayi na garinku. Ki tafi da takardunki ki yanke ganyenki, ki ji ko hannunki ya karɓi abin. In ya karɓa, sai a yi maganar saye.

In kuwa kin ƙudura, abin da za ki yanka shi zai zaɓa miki inji. Joy, wanda ya fito a 2020, ɗan ƙarami ne, faɗin yankansa bai wuce inci 4.5 ba. Zai yanka ganye, amma kaɗan-kaɗan, ki yi ta ɗorawa kina saukewa har ranki ya gundura, tunda kambu madaidaici yakan ci ganye da yawa kafin zoben ya ɓuya. Explore yana ɗaukar shimfiɗa mai inci 12, yana yanka takardar kati da sitika tsaf, kuma don kambun takarda ya isa har ya yi saura. Maker, wanda aka fara fitarwa a 2017, fifikonsa wata wuƙa ce mai taya wadda take mirginawa a kan yadi maimakon ta ja shi. Nan ne bambancin yake idan felt za ki yanka, wato yadin nan mai kauri da ba saƙa shi aka yi ba, gashi aka danne ya haɗe. Wuƙa mai tsini takan fizgi gashinsa, bakin ganyen ya fito a tsattsage. Saboda haka: takarda, Explore, felt da yadi, Maker. Kuma kada sabon fitowa ya ruɗe ki. Explore 4 da Maker 4 na 2025 sun fi na baya sauri, amma ganyen da Explore Air 2 na 2016 zai yanka miki ba wanda zai bambance shi da nasu.

Ki sa a lissafi cewa kuɗin injin ba shi ne ƙarshe ba. Shimfiɗar da ake manna takarda a kai danƙonta yana mutuwa, wuƙa tana dakushewa, takardar kati ma ita ta fi saurin cinye ta. Shimfiɗun launi-launi ne: shuɗiya mai ɗan danƙo don takarda marar kauri, koriya ta yau da kullum, ruwan hoda don yadi. Sabuwar koriya takan riƙe takarda har ta yage, don haka idan za ki cire ganyen ki kifa shimfiɗar ki lanƙwasa ita, takardar ta tsaya a miƙe. Manhajar kamfanin, Design Space, kyauta ce, amma za a yi ta tallata miki biyan wata-wata mai suna Cricut Access. Ba dole ba ne. Zanen ganye na kyauta irin fayil ɗin SVG yana nan birjik, kuma kina iya ɗora naki. A watan Maris na 2021 kamfanin ya so ya taƙaita wa marasa biya ɗora zane zuwa 20 a wata, masu inji suka yi ca, ya janye. Na kawo wannan ne don ki san cewa injin a ɗaure yake da manhajar masu shi.

Yanzu ga abin da bidiyon ba ya tsayawa a kansa, kuma shi ne ya fi damuna. Inji ganye kawai yake bayarwa, a shimfiɗe, kowanne sak ɗan uwansa. Kika manna su a haka, kambun zai fito ba rai. Ki fita bakin titinku a tsakiyar Oktoba ki tsinci ganyen gaske guda goma ki duba. Ba za ki sami biyu masu launi ɗaya ba. Idan rana ta gajarta sanyi ya sauko, koren da ke cikin ganyen yakan rushe, sai ruwan ɗorawa da ruwan lemo da dama can suna ciki su bayyana, jan kuma sabo ne ganyen yake ƙera shi daga sukarin da ya rage masa. Shi ya sa ganye guda zai yi ja a baki, ɗorawa a tsakiya, da ɗan kore a gindin jijiya. Wannan shi za ki kwaikwaya. Ki sayi kati mai nauyin giram 176 zuwa 216, wanda a shagunan Amurka ake rubuta wa 65 lb da 80 lb, ki tabbata rininsa ya ratsa ciki, don wanda cikinsa fari ne bakinsa fari yake fitowa bayan yanka. Launi biyar ko shida: ja mai duhu, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, da kore mai dishi-dishi kaɗan. Siffa uku ta wadatar: ganyen mapul da ke jikin tutar Kanada, na itacen oak mai baki kwana-kwana, da wani siriri dogo na cike gurbi, kowanne babba da matsakaici da ƙarami.

Daga nan aiki ya koma hannu. Ki naɗe kowane ganye a tsakiya jijiya ta fito, ki murza bakinsa a jikin fensir ya ɗan nannaɗe, ki dangwali tawada ruwan ƙasa da soso ki shafa a gefe. Zoben kuwa, na busasshen reshen inabi mai inci 14 ko 18 ya fi rufa asiri, domin ko ya leƙo ta tsakanin ganye ado ne. Ki jera ganyen a kai ba gam, ki ɗauki hoto ki duba, sannan ki fara mannawa. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, duk su fuskanci gefe guda suna bin juna kamar saƙar faifai, gam kuma a gindin ganye kawai don bakinsa ya tashi. Ki bar wasu su ɗan kauce wa layi.

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Bara na yi na takarda a nan Mancesta, sati biyu bai cika ba ya yi laushi ya zube. Da me zan yi na bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Takarda da damshin Ingila ba sa shiri, ko ruwa bai taɓa ta kai tsaye ba. Na takarda na cikin gida ne: bangon falo, ƙofar ɗaki, ko saman teburin cin abinci. Na waje ki yi shi da fatar roba marar kauri ko siririn soson roba na sana'ar hannu, in ƙofar tana da rumfa kuma felt zai jure. Kada ki dogara ga gam kaɗai, ki huda gindin ganyen ki ɗaure da siririyar waya a jikin zoben. Masu ƙofa biyu a Amurka da Kanada, ta katako a ciki ta gilashi a waje, ku ma ku ji: in rana tana dukan gilashin, zafin da ke taruwa a tsakani yana sassauta gam, yana kuma kashe launin ja da wuri.

Tambaya: Anti, surukata ta ga nawa a hoto ta ce kayan Kirsimeti na rataya. Haka ne?

Amsa: Ki yi wa Mama bayani cikin ladabi, don ba laifinta ba ne, siffar ɗaya ce. Na Kirsimeti koren ganyen da ba ya kaɗewa ake yi da shi, a watan Disamba. Akwai kuma na ibadar coci mai kyandirori, wanda ya samo asali daga Kiristocin Jamus a ƙarni na 19. Na kaka alamar sauyin yanayi ne da girbi, ana rataya shi daga ƙarshen Satumba, a Amurka a sauke shi bayan bikin godiya na Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Iyakar abin da ya shafi tarihinsa ke nan. Hukunci kuwa na malamai ne, ki kai musu tambayar da wannan bayanin. In kuma hankalin Mama bai kwanta ba, kwanciyar hankalinta ta fi adon ƙofa.

Tambaya: Hajiya, ina Kano, ina sana'ar kayan rabon biki. Yayata za ta taho daga Amurka, ina so ta riƙo mini injin in fara yin irin wannan kambun na sayarwa. Shawara nake nema.

Amsa: Injin ki sa a kawo, amma ba don kambun ba. Kakarmu ta zangarniyar gero ce da dawa da gyaɗa, ba ta jan ganyen mapul ba, mutanenmu kuma ba su saba rataya ado a ƙofar gida ba, ga ƙurar hunturu tana tafe. Abin da zai mayar miki da kuɗinki shi ne rubutun da ake sokawa a kan kek, sunan amarya da ango a jikin kofi da jaka, rubutun riga, da furannin takarda na adon wurin kamu. In kina son gwada kambun, ki ɗaura shi a kan faifai da busasshiyar zangarniya da furen takarda, ki nuna wa masu adon wurin biki, su za su gaya miki ko zai shiga.

Wajen zaɓe kuma lissafinki daban yake da na 'yar Ohayo. Cricut yana buƙatar intanet wajen kafa shi da ɗora sabon zane. Silhouette Cameo manhajarsa tana aiki a kwamfuta ko babu data, sai dai ta kyautar ba ta buɗe SVG sai an sayi ƙarin lasisi sau ɗaya. Brother ScanNCut yana da allonsa da na'urar ɗaukar hoto a jikinsa, ki zana da hannu ya ɗauka ya yanka, ba kwamfuta. Kafin ki tsayar da ɗaya, ki bincika wanne ake samun wuƙarsa da shimfiɗarsa a Kano ko Legas, kuma ki ce Yaya ta haɗo miki da wuƙaƙe da shimfiɗu na ajiya. In na hannu za ta saya, ta sa mai shi ya jona ya yanka a gabanta, domin akwai injinan Cricut da kamfani ya kashe bayan ya musanya wa masu su da sabo, kuma ba sa sake aiki.

Sai wuta. Ta Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ki karanta jikin cajar injin, in an rubuta 100 zuwa 240 kan soket kawai za ki canza. Ki jona shi a inbata ko UPS, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka takardar ta tafi a banza. Bindigar gam kuwa kada ta wahalar da kanta ta ɗauko, yawancin na can 120 kawai suke ɗauka, kina jonawa za ta ƙone. Ki sayi taki a nan kasuwa.