Kafin ka ɗora kyamara a bakin fadamar Baturiya

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar. Ka ce ka sayi kyamara mai dogon baki, kana son zuwa Baturiya da Dagona ɗaukar hoton tsuntsaye, abokinka kuma ya ce sai kun fara gaida mai gari da sarkin ruwa. Ka tambaya ko wannan dole ne, tunda tsuntsu ba na kowa ba ne. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa mutanenmu ba sa taɓa shamuwa, ko camfi ne kawai.

Abokinka ya fi ka gaskiya. Tsuntsu dai na Allah ne, amma ruwan da ya sauka a kai yana da masu shi. Kowane tafki a fadamar Haɗeja zuwa Nguru an san wanda ke faɗin ranar buɗe shi don kamun kifi, an san mashayar shanun Fulani, an san inda gonar shinkafar wane ta tsaya. Baƙon da ya faɗo da wani dogon ƙarfe a kafaɗa bai yi sallama ba, me kake so a ɗauke shi? Wani zai ce ma'aikacin gwamnati ne ya zo awon fili. Mutanen nan sun ga abu da idonsu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da suka saba da ita ta sauya hali, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya a cikinta yana cinye musu hatsi. Wanda aka taɓa abincinsa haka ba ya sakin jiki da baƙon ido.

Saboda haka ka sayi goro, ka je ƙofar mai gari, ka cire takalmi, ka faɗi ɗan wane ne kai da abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da mai kwalekwalen da ya san inda ɗinya ke kwana da inda kirinjijiya ke taruwa da asuba. Dagona kuwa tana ƙarƙashin gandun dajin gwamnatin tarayya na yankin Tafkin Chadi, sai ka nemi izinin ma'aikatan wurin tukuna. Mata kuma in suna wanki a bakin ruwa, ka juyar da bakin kyamararka gefe. Wannan ba sai na maimaita ba.

To, shamuwa. Muna yara akwai wata tsamiya a bayan gidan kakanka, duk shekara da bazara ta yi zafi, sai mu wayi gari mu gan su tsaye a kai, baƙaƙe masu farin ciki, suna jan kirare. Ranar nan kakarka za ta ce a sauko da iri daga rumbu, damina ta kusa. Sai kaka ta yi, 'ya'yansu sun yi fiffike, su tashi su nufi kudancin Afirka. Kashinsu ya ɓata ƙasan tsamiyar nan fari fat, ga ƙarni, amma ban taɓa jin wanda ya ce a kore su ba. Kowa ya ga shamuwa da kushinta ya gan ta.

An ce mana wanda ya ɗauki ƙwanta zai sa ruwa ya ɗauke a gari. Wannan kam tsoratar da yara ne, ruwa na hannun Allah. Sai dai ka duba abin da tsoratarwar ta kare. Shamuwa fara take ci, ita ce abokiyar manomi a gona. Kuma tsuntsuwa ce da ta bar daji ta zo ta yi sheƙa a tsakar mutane, ta amince mana ke nan, cin amanar baƙo kuwa abin kunya ne. Addini ma ya zo ya ƙarfafa: a Suratul An'am, aya ta 38, an ce tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Na taɓa harbin wata da danƙo ina ɗan shekara tara, ban ma same ta ba, amma kakanka bai yi mini magana ba har kwana biyu. Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Gauraka ba ta samu wannan gata ba. Da, kukanta kake ji a fadama tun kafin ka hango tukkun nan na zinariya. Aka riƙa kama ta ana kai wa gidajen masu hali don ado, yau sai ka yi shekaru ba ka ga ko ɗaya a daji ba. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ka je da sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin agwagin da ke gudun hunturun Turai sun cika ruwa. Ka sa tufa mai duhu, ka zauna tun kafin rana ta fito. Maharbanmu na da sukan ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe suna kaɗa kai kamar mai kiwo har su kusanci nama. Haƙurinsu za ka ara, ka bar musu bakan. Kada ka sa yara su jefa dutse don garke ya tashi hoto ya yi kyau; tsuntsun da ya ƙetaro Sahara ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. In ka ga uwa ta tashi daga sheƙa tana kewaya kanka tana kuka, ka matso da yawa, ja da baya.

In kun gama, ka nuna wa mai kwalekwalen hotunan a fuskar kyamarar, ka tambaye shi sunan kowanne, ka rubuta. Sunayen nan sun fara ɓacewa a bakin samari. Idan Allah ya sa ka ci karo da gauraka, ka turo mini tun kana can. Ka gaida mahaifiyarka.