Na sayi butar shayi, sai da ta hau wuta ta fara yoyo: ina da hakkin mayarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mai shayi ne, ina da tebur a bakin tasha. Ranar kasuwar garinmu na sayi babbar butar shayi a wurin wani mai kayan gwanjo. Kafin in biya ya ce in gwada, na cika ta da ruwa, ko ɗigo ban gani ba. Ya ce, "To ka gani da idonka, in ka tafi ba a dawowa da ita." Na ce na yarda. Da asuba na ɗora ta a wuta, ruwa yana fara zafi sai ta soma ɗiga ta inda baki ya haɗu da jiki. Da na kankare wurin sai na tarar sabulu aka cusa, aka shafe da baƙin tukunya. Mutumin sai ranar kasuwa yake zuwa, don haka ina ta lallaɓawa da ita, ina zuba ruwa rabi. Wani malami a unguwarmu ya ce ba ni da ta cewa tunda na amsa sharaɗi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Haramcin ɓoye aibin kaya ba abin da za mu tsaya a kansa ba ne, malamai ba su yi saɓani ba, kuma hadisin tsibin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa kowa ya san shi. Yoyo a butar da aka saya don dafa ruwa aibi ne da ke ba da damar mayarwa. Gwajin da ka yi kuma bai zubar da hakkinka ba, domin sabulu yana riƙe ruwan sanyi, sai ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗe, sabulun ya narke, sannan huda ta bayyana. Wanda ya cusa shi ya san da haka, ya shirya wa gwajin ne tun kafin ka zo. Wannan ɗan'uwan ɗaure hantsar akuya ne don mai saye ya zaci mai nono ce, kuma Annabi (SAW) ya ba wanda aka yi wa haka zaɓin riƙewa ko mayarwa bayan ya tatsa.

Sai maganar malamin unguwarku. Ba daga kansa ya ƙago ta ba, tana da asali. Hanafiyya suna ganin idan mai sayarwa ya ce ya kuɓuta daga kowane aibi, mai saye ya amsa, to sharaɗin ya zauna, ko ya san aibin ko bai sani ba. Hujjarsu ita ce mayarwa hakkin mai saye ne, shi kuma ya yafe shi da bakinsa, kuma musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ina girmama wannan magana, amma ban ga ta dace da abin da ya same ka ba.

Me ka yafe a lokacin da ka ce ka yarda? Ka yafe abin da kake zaton ku biyun duka ba ku san da shi ba, irin abin da kan fito a tsohon kaya ba da sanin kowa ba. Ba ka yafe hudar da aka toshe don kada ka gani ba. Da an nuna maka ita da yatsa, da ko dai ka fasa, ko ka rage kuɗi. Yardar da aka samo ta hanyar rufe wa mutum ido ba ita ce yardar da Alƙur'ani ya gina halaccin ciniki a kanta ba. Hadisin sharuɗɗan ma da ake kafa hujja da shi, a ruwayar Tirmizi yana da ƙarashe: sai dai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Idan kalmar "ba a dawowa" za ta wanke algus, to an buɗe wa kowane ɗan kasuwa ƙofa: ya toshe, ya shafe, ya furta kalma uku, ya ci kuɗi.

Kuma an taɓa kai irin wannan ƙara gaban Sayyidina Usman. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da sharaɗin kuɓuta daga aibi, mai saye ya tarar da cuta a jikinsa. Usman bai ce sharaɗi ya gama magana ba. Ya nemi Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Ka lura, da sharaɗin yana rufe abin da mai sayarwa ya sani, da babu amfanin neman rantsuwa. A kan wannan Malikiyya suka tafi, har suka ƙara ƙuntatawa: a mashahurin zance, wannan sharaɗi ba ya aiki a kayan amfani irin buta da tufa ko kaɗan. Shafi'iyya sun taƙaita shi ga ɓoyayyen aibin dabba da mai ita bai sani ba. Su kansu Hanafiyya ba su ce ɓoyewar halal ce ba, maganarsu a kan abin da alƙali zai zartar ne, zunubin yana nan.

To amma ni abin da ya tsaya mini a tambayarka ba sharaɗin ba ne. Cewar da ka yi kana ta lallaɓawa da ita, nan ne hukunci yake iya juyawa. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya ga aibi sannan ya ci gaba da amfani da kaya irin amfanin da ke rage shi, ana ɗaukar haka a matsayin ya yarda, ko bai furta ba. Ɗora buta a wuta kullum yana ƙara buɗe tsagar. Shirun da ka yi ba laifi, tunda mutumin ba ya nan, wannan uzuri ne. Aikin da kake yi da ita shi ne matsalar. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: tsohuwar butarka tana nan? Idan tana nan tana aiki, ka bar ta ka riƙa dafawa da wannan, to zahirin al'amari ka karɓe ta da aibinta, abin da ya rage maka sulhu ne da roƙon ya ji tsoron Allah. Idan kuwa ba ka da wata, kuma da ita kake ciyar da iyali, ina ganin halinka ya fi kusa da matafiyin da ya gano aibin dabbarsa a hanya, wanda malamai suka yi masa uzurin ci gaba da hawa. Ko a hakan, daga yau ka sauke ta. Ka ari wata, ka kira mutum biyu cikin maƙwabtan teburinka ka nuna musu wurin da sabulun, ka shaida musu ba ka yarda ba, ranar kasuwa ta farko ka kai ta. Kada ka kai ta wurin mai walda kafin nan.

Idan ka kai, zaɓinka biyu ne: ka mayar ka karɓi kuɗinka cif, ko ka riƙe ta a yadda take. Ragin kuɗi sai in ya yarda, ba za ka tilasta masa ba matuƙar butar tana nan yadda ka saye ta. Baƙin hayaƙin ɗorawar farko ba a lissafa shi, ribar shayin da ka sayar kuma taka ce.

Ina ja maka kunne a kan harshenka. Ba ka ga lokacin da aka cusa sabulun ba. Masu gwanjo da yawa sari suke yi a buhu, ta yiwu shi ma haka aka sayar masa. Tunda a mazhabarmu sharaɗin ba ya aiki a kan buta, hakkinka na mayarwa bai dogara da saninsa ba, don haka ba ka da buƙatar kiransa macuci a tsakiyar kasuwa. Ka ja shi gefe. In ya ƙi, akwai sarkin kasuwa. In duk abin ya faskara ta zauna a hannunka, haram ne ka sake shafe ta ka miƙa wa wani da sunan kai ma haka aka yi maka.

Idan gyara za ka yi, ka hana a like maka ita da dalma. Dalma guba ce, tana narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan zafi, musamman in an sa abu mai tsami kamar lemo, kuma yara ta fi yi wa illa. Mun ga abin da gubarta ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kai kuma jama'a kake shayarwa, amanarsu tana wuyanka. Gam ɗin da ake like bokiti da shi ma ba na abin sha ba ne.

Nan gaba in za ka sayi wata, ka fara ɗaga ta sama ka leƙa ciki ta fuskar rana, ƙaramar huda takan nuna haske. Ka sa farce ka kankari mahaɗar baki da gindi da ƙusoshin mariƙi. Ka cika ta har ruwa ya wuce mahaɗar baki, ka goge bayanta ta bushe, ka ajiye a kan takarda na ɗan lokaci. Sannan ka nemi a tafasa ruwa a cikinta, ko ka sa sharaɗin kwana ɗaya na gwaji, wannan sharaɗi halal ne. Sai dai ka sani, butar da aka cika da ruwan sanyi aka ɗora a kan gas takan yi gumi a waje na ɗan lokaci, wannan ba yoyo ba ne. Gumi yakan bushe da ta ɗauki zafi, yoyo kuwa daga wuri ɗaya yake fitowa yana ƙaruwa.

Wallahu a'alam.